Ziyarar Ɗalibai zuwa Wuraren Tarihi a Legas

Ziyarar gani da ido, wadda wasu ke kira yawon buɗe ido na ɗalibai, fita ce da makaranta kan shirya domin yara su ga wuraren da ake ambata musu a darasin tarihi. A Legas makarantun gwamnati da masu zaman kansu duk suna yi, har da wasu Islamiyyun unguwannin da Hausawa suka yi yawa, irin su Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago. Galibi ta yini guda ce. Akan aika wa iyaye takardar neman izini da kuɗin mota, a ɗauki shatar bas, a tashi bayan sallar asuba don gudun gosulo. Hanyoyi biyu aka fi bi: ta Tsibirin Legas da ta Badagry.

Tsibirin Legas

Zangon farko yawanci shi ne Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan, wanda Bature Kenneth Murray ya kafa a 1957. A ciki akwai mutum-mutumin yumɓu na Nok daga kudancin jihar Kaduna, da kayan tagulla na Benin da Ife. Sai dai duk wanda ya taɓa raka yara ya san ba nan suke daɗewa ba. Inda suke cincirindo shi ne gaban baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Ramat Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976, a yunƙurin juyin mulkin Laftanar Kanar Buka Suka Dimka. Har yau hujojin harsashi na nan a jikinta. Yara kan tsaya suna ƙirga su, malami kuma ya zaro naira ashirin daga aljihu ya nuna musu fuskar mai motar, ya ce Bakano ne.

Daga nan da ƙafa ake isa Dandalin Tafawa Ɓalewa, tsohon filin sukuwa inda aka yi bikin samun 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba 1960. Gaba kaɗan akwai Freedom Park, tsohon kurkukun Turawa na titin Broad da aka taɓa tsare Herbert Macaulay da Obafemi Awolowo. A 2010 aka mayar da shi wurin shaƙatawa.

Islamiyyu kan ƙara da Masallacin Shitta-Bey na titin Martins, wanda attajiri Muhammad Shitta ya gina bisa salon ginin Barazil, aka buɗe a 1894. Baturen Ingila musulmi Abdullah Quilliam ne ya wakilci Sarkin Daular Usmaniyya a bikin buɗewar.

Akwai abin da jagororin wuraren ba su cika faɗa ba, alhali ya fi shafar ɗan Bahaushe. A 1863 John Glover, Baturen mulkin mallaka wanda aka sa wa wani zauren taro na tsibirin sunansa, ya tara Hausawa, da yawansu waɗanda suka tsere wa bauta, ya kafa ƙaramar runduna da su. Rundunar sojan Najeriya daga nan take ƙirga asalinta. Wato zaman Hausawa a Ikko ba da cinikin shanu da goro na jiya-jiya ya fara ba.

Badagry

Wannan tafiya ta fi nisa da wahala, don garin yana dab da iyakar Seme da Jamhuriyar Benin, titin kuma ya ratsa Mile 2 da Okokomaiko da Agbara. Amma ita ta fi zama a zukatan yara. Badagry tashar fataucin bayi ce zuwa ƙasashen Amurka, kuma cikin waɗanda aka yi safara ta wannan gaɓa har da 'yan Arewa da aka kamo a yaƙe-yaƙe.

Akan fara da gidan tarihin garin, wanda ke cikin ofishin Di'o da aka gina a 1863, sannan gidan kayan tarihi na zuri'ar Mobee. A nan ake nuna sarƙoƙin wuya da mari da kwaɗon da ake datse leɓen bawa da shi, jagora kan ba yaro sarƙa ya ɗaga ya ji nauyinta. Sai kurkukun bayi na Seriki Williams Abass, wanda shi kansa an taɓa bautar da shi kafin ya zama dillalin bayi, ya rasu a 1919. Ɗakunan ƙanana ne masu duhu, iska ba ta shiga sai ta 'yar kafa a sama. Akan leƙa benen da 'yan mishan suka kammala a 1845, wanda ake wa laƙabi da bene na farko a Najeriya. Laƙabin na da ja, ganin cewa biranen Hausa sun san soro tun kafin nan.

Ƙarshen ziyarar shi ne tsallaka ruwa da kwalekwale mai inji zuwa tsibirin Gberefu, a taka cikin rairayi har bakin teku inda ake loda bayi a jirgi. A kan hanya akwai rijiyar da mutanen gari ke cewa wanda ya sha ruwanta yakan manta gida. Wannan labarin baka ne, kuma malamin kirki kan rarrabe wa ɗalibai shi da abin da aka tabbatar a rubuce. Makarantu da yawa ba sa yarda ƙananan yara su shiga kwalekwalen sai da rigar kariya, wasu kuma kan tsaya a wannan gaɓar su hango tsibirin.

Garin na da wata alaƙa da Arewa. Daga Badagry Bature mai binciken ƙasa Hugh Clapperton ya kama hanya a ƙarshen 1825 zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rasu a kusa da Sakkwato a 1827, kuma nan yaronsa Richard Lander ya dawo da takardunsa kafin ya wuce Ingila.