Gaɓar Kalma da Karan Ɗori a Turanci

Gaɓa ita ce guntun kalma da ake furtawa da bugun murya ɗaya, kuma galibi wasali ne ginshiƙinta. Gaɓar Turanci tana iya ɗaukar baƙaƙe uku kafin wasali da huɗu bayansa, shi ya sa kalma mai tsawo irin "strengths" take gaɓa ɗaya tak. Hausa ba ta fara gaɓa da baƙaƙe biyu a jere, saboda haka idan ta ari kalma sai ta cusa wasali a tsakani, kamar yadda "bread" mai gaɓa ɗaya ta zama burodi mai gaɓa uku.

Raba kalma da karan ɗori (wato alamar -) a ƙarshen layi al'amari ne na rubutu da ɗab'i, kuma ba kullum yake bin gaɓoɓin furuci ba. Masu ɗab'i na Amurka sun fi bin furuci, su raba "knowl-edge", alhali tsohuwar al'adar Birtaniya ta fi kula da tushen kalma, ta raba "know-ledge". Ɗigon da ƙamusun Merriam-Webster ke sakawa cikin kalma yana nuna inda aka yarda a yanke ta ne a rubuce, abin da ɗalibai da yawa kan ɗauka a matsayin jagorar furuci.

Wurin da batun ya fi ɗaukar hankali shi ne inda rabuwar ke tafiya da ma'ana. Kalmar "record" idan suna ce, ana ƙarfafa gaɓar farko a raba ta "rec-ord", idan kuwa aikatau ce sai ƙarfin ya koma gaɓa ta biyu a raba ta "re-cord". Haka nan "resign" na nufin yin murabus, amma "re-sign" na nufin sake sa hannu, wato ɗan layi guda ke bambanta wanda ya ajiye aiki da wanda ya sabunta kwangila.

A shekarar 1983 Frank Liang ya kammala digirinsa na uku a Jami'ar Stanford kan hanyar da kwamfuta za ta riƙa raba kalmomi da kanta, kuma TeX, manhajar tsara rubutu don ɗab'i ta masanin kwamfuta Donald Knuth, tana aiki da hanyar. A harɗaɗɗun kalmomi kuwa karan ɗori raguwa yake yi, domin bugu na shida na ƙamusun Shorter Oxford da ya fito a 2007 ya cire shi daga kalmomi kusan 16,000, inda "bumble-bee" ta haɗe ta zama "bumblebee", "ice-cream" kuma ta rabu gida biyu.