Faifai ya rage saurin karatu bayan sabunta kanel ɗin Linux: tambayoyi da amsoshi

Kanel shi ne ɓangaren Linux da ke tsakanin manhajoji da kayan kwamfuta, kuma duk abin da za a karanto daga faifai sai ya bi ta hannunsa. Shi ya sa da zarar karatu ya yi nauyi bayan sabuntawa, shi ake fara zargi. Wani lokaci laifinsa ne, wani lokaci kuwa awon ne ya yi ƙarya.

Na sabunta kwamfuta sai na ji faifai ya yi nauyi. Ta ina zan fara?

Ka fara da tabbatar da cewa kanel ɗin ne kaɗai ya canza. Sabuntawar da Debian, Ubuntu ko Fedora ke turowa ba ta zuwa da kanel shi kaɗai, takan haɗa da sababbin dokokin udev (mai saita na'urorin da aka haɗa da kwamfuta) da systemd (mai tayar da ayyukan tsarin) da sauransu, kuma ɗaya daga cikinsu zai iya sauya saitin faifai. Ka sake tayar da kwamfutar, ka zaɓi tsohon kanel daga jerin GRUB, wato manhajar da ke tayar da Linux, ka duba `uname -r` don ka san wanda kake kai, sannan ka auna. Ka koma sabon ka yi awo iri ɗaya. Idan duka biyun suna da nauyi, to ka sakar wa kanel mara, matsalar tana wani wurin.

Awona na biyu ya ninka na farko sauri sau da yawa. Me ya faru?

Ba faifan ka auna ba a karo na biyu, RAM ka auna. Linux yana riƙe duk abin da ya karanto a ma'ajiyar wucin gadi cikin RAM, idan aka sake nema sai ya miƙo daga can. Kafin kowane awo ka zubar da ita: `sync`, sannan `echo 3 > /proc/sys/vm/drop_caches` da ikon root.

Akwai wasu tarkunan da ba su fito fili kamar wannan ba. Fayil ɗin da aka ƙirƙira da `truncate` ko `fallocate` ba a rubuta komai a cikinsa ba, idan ka karanta shi kanel zai ba ka sifili kawai ba tare da ya taɓa faifai ba, sai ka ga saurin da babu shi a duniya. Faifai mai juyawa kuma ya fi sauri a farkonsa, a ƙarshensa saurin kan sauko kusan rabi, don haka fayil biyu masu girma ɗaya za su iya ba da sakamako daban saboda inda suke zaune. Fayil guda ko yanki guda na faifan za ka riƙa aunawa a kowane kanel. Ka kuma tabbatar babu wani aiki da ke cin faifan a ɓoye, kamar binciken RAID ko `updatedb`.

Da me ya kamata in auna?

Da fio, wanda Jens Axboe, mai kula da sashen faifai na kanel, ya rubuta. `hdparm -t` yana da amfani don leƙawa, amma 'yan daƙiƙoƙi kawai yake yi, kuma karatun jere kaɗai yake aunawa. Awo biyu ne tushe. Na farko karatun jere da manyan gutsattsari (ka sa sunan naka faifan a madadin `/dev/sdb`):

`fio --name=jere --filename=/dev/sdb --readonly --direct=1 --rw=read --bs=1M --iodepth=8 --ioengine=libaio --runtime=60 --time_based`

Na biyu karatun tsalle-tsalle da ƙananan gutsattsari: ka mayar da shi `--rw=randread --bs=4k --iodepth=1`. Kada ka cire `--readonly` idan kana aiki a kan faifai kai tsaye, domin kuskuren harafi ɗaya a `--rw` zai iya share maka bayanai. Ka maimaita kowane awo aƙalla sau 5 a kowane kanel. Idan tsohon yana yawo tsakanin MB 480 da 530 a daƙiƙa, sabon kuma ya ba da 500, babu abin da ya lalace. Bambancin da za ka bi shi ne wanda ya zarce wannan kai-komon ƙarara.

Na tabbatar akwai raguwa. Yaya zan san a wane ɓangare take?

Nan ne gwaji mafi amfani yake, kuma mutane da yawa suna tsallake shi. Ka yi karatun jeren sau biyu: sau ɗaya da `--direct=1`, wanda ke kauce wa ma'ajiyar RAM, sau ɗaya kuma da `--direct=0 --ioengine=psync --bs=4k`, wanda ke bi ta cikinta kamar yadda yawancin manhajoji ke yi.

Idan na kai tsaye bai canza ba tsakanin kanel biyun amma na biyun ya faɗi, to faifai da direbansa lafiya suke. Ka nemi matsalar a sama: karatun gaba, sarrafa RAM, ko tsarin fayil. Karatun gaba shi ne dabarar da kanel ke yi idan ya lura manhaja tana karatu a jere, sai ya ɗebo abin da ke gaba tun ba a nema ba. Girmansa yana `/sys/block/sdb/queue/read_ahead_kb`, kuma a al'ada 128 ne. `blockdev --getra` zai nuna maka 256, kada ya rikita ka, yana ƙirge ne da sekta mai bayit 512. Idan lambar ta ragu, ko kuma kanel ya daina gane cewa karatun na jere ne, kowane KB 4 sai ya zama tafiya guda zuwa faifai, saurin kuwa ya rushe.

Idan kuma har na kai tsayen ya faɗi, matsalar tana ƙasa: mai tsara layin buƙatu (wanda ke jera buƙatun karatu kafin a miƙa su ga faifai), direba, ko hanyar da ta haɗa faifan da kwamfuta. Gwajin minti 5 ke nan ya raba maka filin bincike gida biyu.

Me zan duba a iostat?

iostat manhaja ce da ke nuna ƙididdigar aikin faifai. Ka kunna `iostat -x 1` yayin da fio ke aiki, ka ajiye sakamakon kowane kanel ka jera su. Abu uku suka fi magana. `rareq-sz` matsakaicin girman buƙata ne: idan a da yana ɗaruruwan KB yanzu ya koma 4 ko 16, ana sassare buƙatun ne ko an daina haɗe su, sai ka kwatanta `max_sectors_kb` da `rrqm/s`. `r_await` shi ne jiran kowace buƙata. `aqu-sz` kuma tsawon layi: idan ya faɗi alhali `r_await` bai tashi ba, faifan yana zaman jira ne, ba a ba shi aiki da yawa.

`%util` kuwa kada ka dogara da shi a kan SSD ko NVMe (nau'in SSD mai sauri da ke haɗuwa ta PCIe). Abin da yake faɗa kawai shi ne akwai aƙalla buƙata ɗaya a hannun faifan, alhali irin waɗannan suna iya ɗaukar buƙatu da yawa a lokaci guda. Yana iya nuna 100 faifan bai ko fara gumi ba.

Mai tsara layi zai iya canzawa da kansa?

Ƙwarai. A Linux 5.0, a 2019, an cire tsofaffin masu tsara layi, wato CFQ da deadline da noop, aka bar mq-deadline, BFQ, Kyber da none. Duk wanda yake kan ɗaya daga cikin tsofaffin nan ya yi tsalle daga kanel na 4 zuwa na 5 ko 6 ya canza mai tsara layi ko ya sani ko bai sani ba. Ka duba `/sys/block/sdb/queue/scheduler`, wanda ke cikin baka shi ke aiki. Ana iya sauya shi nan take: `echo mq-deadline > /sys/block/sdb/queue/scheduler`, sai ka sake awo. BFQ yana da kyau wajen raba faifai mai juyawa tsakanin manhajoji da adalci, amma lissafin da yake yi wa kowace buƙata yana cin CPU, a kan NVMe mai sauri kuwa hakan na iya rage adadin buƙatun da ake kammalawa. Hanya mafi sauƙi ta kama irin wannan duka: `grep -r . /sys/block/sdb/queue/` a kowane kanel, ka zuba a fayil, ka yi `diff`.

Idan kayan kwamfutar ne fa?

`dmesg` zai faɗa. Ga SATA ka nemi layin da ke cewa `SATA link up 6.0 Gbps`. Idan ka ga 3.0 ko 1.5, ko saƙon `limiting SATA link speed`, kanel ya rage saurin ne bayan kurakurai sun taru, kuma sau da yawa waya ce ta lalace. `smartctl -a` zai nuna lamba 199, `UDMA_CRC_Error_Count`, tana hawa. Ga NVMe ka kwatanta `LnkCap` da `LnkSta` a `lspci -vv`. Faifan PCIe 3.0 mai layi 4 yana da hanyar kusan GB 3.9 a daƙiƙa, idan ya tashi da layi 1 bai kai GB 1 ba.

Tanadin wuta ma yana shigowa. Sabon kanel zai iya kunna barcin da tsohon bai kunna ba, faifan kuma ya riƙa ɓata lokaci wajen farkawa. Don gwaji, ka sa `nvme_core.default_ps_max_latency_us=0` a layin tayar da kanel, ko ka mayar da `link_power_management_policy` zuwa `max_performance` ga SATA. NVMe yana kuma rage gudu idan ya yi zafi, `nvme smart-log` zai nuna zafinsa.

Ta yaya zan bambance jinkirin faifai da na kanel?

Da blktrace. Ka ɗauki daƙiƙa 30 da `blktrace -d /dev/sdb -w 30 -o awo`, ka juya da `blkparse -i awo -d awo.bin`, sannan `btt -i awo.bin`. D2C shi ne lokacin daga miƙa buƙata ga direba zuwa dawowarta, Q2C kuma tafiyar gaba ɗaya tun shigarta layi. Idan D2C ya tashi, ka nufi direba da faifai. Idan D2C na nan yadda yake amma Q2C ya ƙaru, a cikin layin kanel ake ɓata lokacin.

Idan duka biyun ba su motsa ba, ka juya ga CPU. Lissafin a buɗe yake: da layi mai buƙata 1, idan kowane karatu yana cin makirodaƙiƙa 100, za ka samu 10,000 a daƙiƙa. Ƙarin makirodaƙiƙa 10 kacal a hanyar shiga kanel zai sauke shi zuwa kusan 9,090. Irin wannan aka gani lokacin da kariya daga Meltdown, wani giɓin tsaro a CPU, ta shigo Linux 4.15 a farkon 2018, domin ta ƙara wa kowane kira zuwa kanel nauyi. Tayar da kanel da `mitigations=off` zai nuna ko ita ce, amma don gwaji kawai, ba a barin na'ura haka. `perf record -a -g` a kanel biyun zai nuna aikin da ya kumbura. Idan faifan yana ƙarƙashin LUKS, wato tsarin ɓoye bayanan faifai, ka auna ɗanyen faifan da kuma na `/dev/mapper` daban-daban.

Yaushe zan koma ga git bisect?

git bisect hanya ce ta gano gyaran da ya kawo matsala ta hanyar raba jerin gyare-gyare biyu a kowane zagaye. Ka koma gare shi bayan kana da awo guda ɗaya, gajere, wanda ke raba mai kyau da marar kyau ba tare da kokwanto ba. Kafin nan ka kwatanta saitin ginin kanel biyun da `scripts/diffconfig`, domin wani lokaci zaɓi ɗaya ne masu rarraba Linux ɗin suka juya, ba gyaran kowa ba ne.

Sannan a babbar ma'ajiyar git ta kanel, wadda Linus Torvalds, mahaliccin Linux, ke riƙe da ita: `git bisect start`, `git bisect bad v6.2`, `git bisect good v6.1`, misali. Tsakanin fitowa biyu akwai gyare-gyare fiye da 10,000, amma tunda kowane zagaye yana yar da rabi, zagaye 14 ko makamancin haka ya isa. `make localmodconfig` zai rage lokacin gini sosai. Ka yanke iyaka tun farko: a ce tsohon yana ba da 520 sabon 310, to duk abin da ya haura 420 mai kyau ne. Kanel ɗin da ya ƙi ginuwa ko ya ƙi tashi, `git bisect skip` za ka yi masa, kada ka kira shi marar kyau. Amsa ɗaya ta kuskure a zagaye na 3 za ta kai ka ga gyaran da ba ruwansa da faifai, kuma git ba zai gargaɗe ka ba. Saboda haka idan ya nuna maka mai laifi, ka yi masa `git revert` a kan sabon kanel ka gani ko saurin ya dawo.

Na samo gyaran da ya jawo. Wa zan faɗa wa, kuma me zan haɗa?

`scripts/get_maintainer.pl` zai ba ka masu kula da fayilolin da gyaran ya taɓa, ka haɗa da wanda ya rubuta shi. A ƙa'idar Linux, abin da yake aiki a da bai kamata sabon kanel ya lalata shi ba, kuma raguwar sauri mai yawa tana cikin wannan. Thorsten Leemhuis yana bibiyar irin waɗannan rahotanni da manhajarsa regzbot. Ka fara gwada kanel mafi sabo tukuna, wataƙila an riga an gyara. A rahoton ka sa lambar gyaran, cikakken umarnin fio, sakamakon duk maimaicin ba matsakaici kaɗai ba, samfurin faifan, tsarin fayil, `.config`, `dmesg` na kanel biyun, da sakamakon `git revert` ɗin.