Masu kisan ɗauki ɗai-ɗai da ɗokin jama'a kan labarinsu

Mai kisan ɗauki ɗai-ɗai shi ne wanda ke kashe mutane ɗaya bayan ɗaya a lokuta daban-daban, bayan kowane kisa ya koma harkokinsa kamar ba a yi komai ba, wani sa'in har shekaru, kafin ya sake. Wannan tazara ce ta raba shi da wanda ya buɗe wuta cikin taro ya hallaka jama'a a tashi ɗaya. Hukumar FBI ta Amurka, bayan taron ƙwararru da ta kira a San Antonio a 2005, ta tsayar da cewa kisa biyu ko fiye a lokuta mabambanta ya isa a kira mutum da wannan suna. A lissafinta, irin wannan kisa bai kai kashi 1 cikin 100 na kashe-kashen da ake yi a shekara ba. Duk da wannan ƙaranci, da wuya a samu laifin da aka rubuta wa littattafai, aka shirya wa fina-finai kamarsa.

Mafarin ɗokin

Ernst Gennat, jami'in 'yan sandan Balin, ya yi amfani da kalmar Jamusanci mai wannan ma'ana tun 1930. A Amurka kuwa, Robert Ressler na FBI ake jingina wa yaɗa sunan a shekarun 1970. Sai dai ɗokin ya girmi sunan. A 1888 aka kashe mata biyar a Whitechapel, unguwar talakawa a gabashin Landan: Mary Ann Nichols, Annie Chapman, Elizabeth Stride, Catherine Eddowes da Mary Jane Kelly. Ba a gano wanda ya kashe su ba. Lokacin jaridu sun yi araha, masu iya karatu sun ƙaru, sai labarin ya zama haja. Laƙabin Jack the Ripper, wanda aka san mai kisan da shi, ya fito ne daga wata wasiƙa da aka aika wa wani kamfanin dillancin labarai, kuma masu bincike da yawa na ganin ɗan jarida ne ya ƙirƙire ta don ciniki ya kankama. Har yau ana zagayawa da 'yan yawon buɗe ido lungunan unguwar da dare. Laƙabin ya zaga duniya, sunayen matan kuwa sai wanda ya nema.

Talabijin ta ƙara wa wutar fetur. Shari'ar Ted Bundy a Miami a 1979 na cikin na farko da aka nuna wa Amurka baki ɗaya. Mutane suka ga ɗalibin lauya mai fara'a, sanye da kwat, yana kare kansa da kansa, 'yan mata na cika kujerun kotu don su gan shi. Dab da zartar masa da hukuncin kisa a Janairun 1989 ya amsa kashe mata 30.

Abin da masana suka gano

A ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, Ressler da abokin aikinsa a FBI John Douglas, tare da Ann Burgess, masaniyar jinyar masu taɓin hankali, suka yi nazarin masu kisa 36 da ke kurkuku ta hanyar hira da su. Daga nan aka raba su gida biyu: mai tsari, wanda ke shirya komai ya share sawunsa, da mara tsari, wanda ke afkawa haka kawai. Rabon ya shahara ƙwarai, amma binciken David Canter na Ingila da abokan aikinsa a 2004 bai same shi da tushe mai ƙarfi ba. Haka zancen alamomi uku na yarinta da John Macdonald ya kawo a 1963, wato azabtar da dabbobi, cinna wuta da fitsarin kwance bayan an girma: an yi ta maimaita shi, amma hujjar cewa yana nuna wanda zai zama mai kisa tana da rauni.

Abin da ya fi tabbata shi ne akasarinsu ba mahaukata ba ne a ma'anar shari'a. Sun san abin da suke yi, sun san laifi ne, shi ya sa suke ɓoyewa. Da yawansu na da halin da likitocin ƙwaƙwalwa ke kira saikofati: ƙeƙasasshiyar zuciya, rashin nadama, ƙarya ba ƙyaftawar ido, da iya sace zuciyar mutane da daɗin baki. Robert Hare na Kanada ya tsara ma'auni mai abubuwa 20 don auna shi. Amma mafi yawan masu wannan hali ba su taɓa kashe kowa ba, kamar yadda mafi yawan waɗanda aka zalunta suna yara ba su zalunci kowa ba. Gado, raunin ƙwaƙwalwa, wulaƙancin ƙuruciya da tunanin mugunta da mutum ya daɗe yana renonsa a ransa duk suna da hannu, ba ɗaya da ya wadatar shi kaɗai.

Me ke jan mutane

Bayanin da ya fi ƙarfi shi ne tsoro. Ɗan Adam na son ya san kamannin haɗari tun bai same shi ba, labarin kuma na ba shi damar leƙa shi daga inda ba abin da zai taɓa shi. Binciken Amanda Vicary da Chris Fraley na 2010 ya nuna mata sun fi maza karkata ga littattafan laifuka na gaskiya, musamman waɗanda ke nuna dabarun kuɓuta da abin da ke motsa mai kisan. Ga mace da yawa, wannan karatu neman tsira ne.

Akwai kuma tambayar da ke hana barci: yaya mai gaisawa da maƙwabta, mai kai yara makaranta, zai aikata haka? Dennis Rader na Kansas ya kashe mutum 10, kuma lokacin da aka kama shi a 2005 shi ne shugaban majalisar cocinsa. Mai sauraro na neman alamar da za ta raba irin wannan mutum da sauran jama'a, rashin samunta ke sa ya koma ya sake nema. Wasu kuma warware ƙulli ne ke burge su. Ƙalilan ne abin nasu ke kaiwa ga soyayya, har su riƙa aika wasiƙu kurkuku ko su auri mai laifin.

Hoton da ake sayarwa

Fina-finai sun saba nuna mai kisan a matsayin gwanin basira da ke juya 'yan sanda yadda ya so. Wannan hoto ya yi nisa da gaskiya, kuma yana da illa, domin yana rufe ainihin dalilin da ya sa suke daɗewa ba a kama su ba: suna zaɓar waɗanda ba mai cigiyarsu. Samuel Little ya amsa kashe mutum 93 tsakanin 1970 da 2005, akasarinsu mata matalauta, da yawa baƙaƙen fata, har an rubuta mutuwar wasunsu a matsayin haɗari ko shan ƙwaya. Harold Shipman, likita a garin Hyde kusa da Manchesta, an same shi da laifin kisa 15 a 2000, binciken gwamnati kuma ya gano ya kashe aƙalla 215, yawanci tsofaffin mata da ba wanda ya yi mamakin rasuwarsu. A Milwaukee a 1991, wani yaro ɗan shekara 14 ya kuɓuce wa Jeffrey Dahmer, ya fito titi a galabaice. Matan unguwa suka kira 'yan sanda, 'yan sandan suka yarda da bayanin Dahmer suka mayar masa da yaron. A daren ya kashe shi. Sakaci ne ya ba shi wannan dama.

Muhawara kan riba

Jihar New York ta kafa doka a 1977 don hana masu laifi cin kuɗin sayar da labarinsu, bayan kama David Berkowitz, wani mai kisan ɗauki ɗai-ɗai a birnin New York. Kotun Ƙolin Amurka ta soke ta a 1991 bisa hujjar 'yancin faɗin albarkacin baki, daga baya aka sake mata fasali. Kamfanin eBay na ciniki ta intanet ya hana sayar da wasiƙu da zane-zanen masu kisa a 2001, cinikin ya koma wasu shafukan intanet. Da Netflix, kamfanin nuna fina-finai ta intanet, ya fitar da shirinsa kan Dahmer a 2022, wasu daga iyalan mutum 17 da ya kashe sun fito fili sun ce ba a tuntuɓe su ba, sai dai suka ga 'yan wasa na kwaikwayon kukan da suka yi a kotu shekara 30 da suka wuce.