Ma'anar "sakan na kusurwa", ma'aunin saiti a sararin samaniya

A fadarmu ta Yantala, nan Yamai, muna shan shayi muna kallon fim ɗin jiragen sararin samaniya a waya, sai ƙanena ya ce: "Yaya, wannan ai saiti ne kawai, ko maharbin ƙauye zai iya." Na ce masa saitin can da na maharbi suna kawai suka haɗa.

Saiti dai shi ne daidaita bakin makami da abin da ake son samu, kuma da kusurwa ake auna shi. Da'ira digiri 360 ce. Idan aka kasa digiri ɗaya kashi 3,600, kowane kashi shi ake kira sakan na kusurwa. Babu ruwansa da sakan na agogo.

Ƙanƙantarsa ce ke ruɗin mutane. Daga Yamai zuwa Tahoua, a miƙe ba ta hanyar mota ba, kusan kilomita 370 ne. Wanda ya kauce da digiri ɗaya a wannan tazara zai sauka fiye da kilomita 6 daga inda ya nufa. Wanda ya kauce da sakan ɗaya kuwa, kuskurensa bai kai mita 2 ba. To, a kai abokin gaba nisan kilomita 300,000, wanda bai ma kai nisan wata ba: sakan ɗayan nan ya zama kusan kilomita ɗaya da rabi. Jirgi mai tsawon mita 100 a can, faɗinsa a idon mai harbi wajen sakan 0.07 ne. Madubin hangen taurari na Hubble, da aka harba a 1990, yana iya tsayawa cak a kan sakan 0.007. Ashe ɗan Adam ya riga ya ƙera na'ura mai wannan natsuwa, sai dai Hubble ba ya harbi, kuma tauraro ba ya zillewa.

Wurin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne lokaci. Haske na cin kusan kilomita 300,000 a sakan na agogo. Ke nan jirgin da kake gani, inda yake sakan ɗaya da ya wuce kake gani, kuma hasken lesa (wato tsinin haske mai ƙarfi) da ka harba sai ya ci wani sakan kafin ya isa. Maharbi ya san a gaban zabuwa ake sakin kibiya idan ta tashi, kwamfuta ma tana lissafa haka muddin jirgin bai sauya tafiya ba. Amma idan matuƙin ya tura jirginsa gefe da ƙarfi daidai da jan duniya (ƙarfin da ke jawo abu ya faɗo ƙasa) na waɗannan sakan 2 na agogo kawai, ya riga ya goce da kusan mita 20, kai kuwa labarin gociyar bai iso maka ba sai bayan ka harba.