Me Ake Nufi da "Kuskuren CRC" da "CPU Ya Cika" a Kan Rauta?

Masu sana'ar da ta dogara da intanet a Legas sun saba jin maganganun nan biyu, ko da ba su san abin da ke cikinsu ba. Mai cibiyar rubuta jarrabawa da kwamfuta a Agege, da mai masaukin baƙi a Idi-Araba, da mai sayar wa 'yan kasuwa sabis na Wi-Fi a Alaba Rago, duk wanda netwok ya yi wa nauyi ya kira injiniya, yawanci amsar da zai ji ba ta wuce ɗayan biyu: "Alhaji, akwai CRC a layin nan," ko kuwa "Ranka ya daɗe, CPU ne ya cika." Daga nan sai maigida ya ce a kashe a kunna. Alhali cuta biyu ce daban, kowace da wurin da take kama na'ura, kuma rautar da kanta tana ajiye shaidar kowace ga mai son dubawa.

Rauta ita ce na'urar da ke tsaye tsakanin kwamfutocin shagonka da sauran duniya. Tana da ƙofofi inda ake soka kebul, tana kuma da ƙwaƙwalwa, wato CPU, mai yanke shawarar inda kowane saƙo zai nufa. CRC magana ce ta ƙofa da hanyar da saƙo ya biyo kafin ya iso. Cikar CPU kuwa magana ce ta yawan aikin da aka jibga wa ƙwaƙwalwar.

Bayanai ba sa tafiya a dunƙule. Yayyanka su ake yi ƙunshi-ƙunshi, kuma a tsarin Ethernet, wanda kusan kowane kebul na ofis ke aiki da shi, ƙaramin ƙunshi bayit 64 ne (bayit ma'aunin girman bayanai ne, bit takwas ke cikinsa), babba na yau da kullum kuma bayit 1518. Kafin na'ura ta saki ƙunshi sai ta yi wani lissafi a kan abin da ke cikinsa, ta fitar da lamba mai tsawon bit 32, ta liƙa ta a wutsiyarsa. Na'urar da ta karɓa ita ma sai ta sake wannan lissafin da kanta. In lambarta ta zo daidai da wadda aka liƙa, ƙunshi ya iso lafiya. In ta saɓa, wani abu ya taɓa shi a hanya. Kamar dai yadda ɗan canji ke rubuta adadi a jikin takardar da ya ɗaure bandir ɗin kuɗi da ita, wanda aka kai wa ya ƙirga, in bai cika ba ya ƙi karɓa gaba ɗaya. Wannan lissafin shi ne CRC, kuma wani masanin lissafi ɗan Amurka, W. Wesley Peterson, shi ya fito da dabarar a 1961.

Abin lura shi ne ƙofar rauta ba ta gyara ƙunshin da ya lalace, ba ta kuma neman a sake aiko shi. Yar da shi take yi, ta ƙara ɗaya a kan adadin kurakuran da take ƙirgawa. Sake aikowa aikin kwamfutocin da ke ƙarshen biyu ne, ta tsarin TCP mai kula da isar saƙo a intanet, kuma duk lokacin da TCP ya ga ƙunshi ya ɓata sai ya rage gudu. Shi ya sa za ka ga layi a kunne, fitila koriya, amma shafi ɗaya ya ƙi buɗewa. Kiran murya da na bidiyo kuwa ba sa jiran a sake aiko komai, sai dai ka ji magana tana yayyankewa.

Akwai wani abu da nake so kowane mai shago ya riƙe, domin a nan ake yawan ɗora wa na'ura laifin da ba nata ba: wanda ya karɓi ƙunshi shi ke ƙirga kuskuren. In rauta ta nuna CRC a wata ƙofa, tana gaya maka ne cewa saƙon a lalace ya zo mata. Mafi yawan lokuta ɓarnar tana jikin kebul, ko bakinsa, ko ƙofar na'urar da ke ɗaya ɓangaren. Don haka ake duba ƙarshen biyu, kuma ake fara canza kebul kafin a zargi komai.

Legas kuwa gari ne mai cin kebul. Iska mai laima da gishirin teku suna sa bakin kebul tsatsa. Kebul ɗin cikin gida da aka ratayo ta waje daga bene zuwa bene yana shan rana ya tsattsage, damina ta zo ruwa ya shige shi. Ɓera na gaigayarsa a cikin silin. Wani lokaci kuma ɗaure shi aka yi tare da wayar wuta, ko aka bi da shi ta gefen janareto da inbata, tartsatsin lantarki na rikita saƙon da ke cikinsa. Ga batun tsawo: ƙa'idar kebul ɗin tagulla irin su Cat5e da Cat6 mita 100 ce, amma a kasuwa sau da yawa sai a ja shi fiye da haka don a kai wa shagon ƙarshen layi. Sannan akwai kebul mai araha wanda cikinsa alminiyom ne aka shafe da tagulla, ba ya jure nisa, yana kuma saurin karyewa a baki. Wata alamar da ke tona asirin irin wannan ita ce ƙofa mai gudun gigabit, wato megabit 1000, ta koma megabit 100 da kanta. Gigabit na buƙatar dukkan siraran wayoyi takwas da ke cikin kebul, megabit 100 kuwa huɗu sun ishe shi, saboda haka in ɗaya daga sauran huɗun ta tsinke layi na iya saukowa. A layin faiba ƙura a bakin mahaɗi ko lanƙwasa mai tsanani su ne suka fi jawo wannan matsala.

Akwai kuma dalilin da ba na kebul ba. In aka saita ƙofa ɗaya tana aikawa da karɓa lokaci guda, ɗaya ɓangaren kuma yana jira a gama kafin ya yi magana, sai su riƙa cin karo. Ɓangare ɗaya zai nuna CRC da guntayen ƙunshi waɗanda ba su kai bayit 64 ba, ɗayan ya nuna karo a makare. Maganinsa a daidaita saitin ƙofofin biyu.

Girman adadin kuskure shi kaɗai ba ya nuna komai. A na'urar kamfanin Cisco umarnin show interfaces ne ke fito da shi, a ta kamfanin MikroTik kuma yana cikin ƙididdigar kowace ƙofa. Adadin yana taruwa ne tun ranar da aka kunna na'urar, saboda haka dubu biyar da suka taru cikin shekara guda ba su kai ɗari biyu da suka taru cikin minti goma muni ba. Injiniyan kirki rubuta adadin yake yi, ya mayar da shi sifili da umarnin clear counters, ya ɗan jira, ya sake dubawa. In yana hawa a gaban idonsa, matsalar tana nan da ranta. In ya tsaya cik, tsohon tabo ne.

A shafin ƙididdigar ƙofofin dai za a ga wasu lambobi da ake yawan gwamutsa su da CRC, wato na ƙunshin da aka zubar lafiyarsa ƙalau. In a wajen fita ake zubarwa, layin ne ya yi wa kayan kaɗan: mutum hamsin na son wucewa ta sabis ɗin da aka saya don mutum goma. In kuma a wajen shiga ne, to ƙunshi ya iso ya tarar ƙwaƙwalwa ba ta da sukunin karɓarsa. A na'urorin Cisco masu tsarin IOS, layin jiran shiga na ɗaukar ƙunshi 75 ne in ba a canza ba, yana cika sai a fara zubar da na baya. Daga nan magana ta koma kan CPU.

Umarnin show processes cpu na nuna nauyin ƙwaƙwalwa na daƙiƙa biyar, da minti ɗaya, da minti biyar. Tashin daƙiƙa biyar ba abin tayar da hankali ba ne, na minti biyar shi ne abin dubawa. A wajen daƙiƙa biyar ɗin akwai lambobi biyu, misali 95%/90%. Ta farko jimillar nauyi ce, ta biyu kuma kason da tura ƙunshi kai tsaye ya cinye. In sun yi kusa da juna, rautar aikinta take yi, kaya ne suka fi ƙarfinta. In kuwa aka ga 95%/10%, wani aiki ne na daban a cikinta ke shanye ƙarfin, kuma jerin da ke ƙasa zai faɗi sunansa. In sunan IP Input ne, ƙunshi na bin doguwar hanya ta cikin ƙwaƙwalwa ɗaya bayan ɗaya maimakon gajerar da ake kira CEF, sai a bincika ko an kashe ta. Sau da yawa kuma umarnin debug ne wani ya kunna don bincike ya tafi ya bar shi. Masu MikroTik, kamfanin ƙasar Latbiya da na'urorinsa suka cika wuraren sayar da Wi-Fi, suna da Profile a ƙarƙashin Tools, wanda ke nuna ko dokokin tace bayanai ne, ko rabon gudu tsakanin kwastomomi, ko ɓoye bayanan VPN, wato keɓaɓɓiyar hanyar sirri ta cikin intanet, ke cin ƙarfin.

Dalilin da ya fi saurin durƙusar da netwok shi ne zobe. Yaron shago ya ga kebul yana lilo, ya soka shi a ƙofar da babu kowa, bai san ɗaya bakin yana jikin wannan suwic ɗin ba, wato akwatin ƙofofin da ke haɗa kebulan shagon. Saƙon da ake watsa wa kowa sai ya yi ta zagaye yana ninkuwa ba iyaka, cikin daƙiƙoƙi CPU ya kai ƙarshe, fitilun ƙofofi duka suna ƙyaftawa tare. Don hana wannan ne Radia Perlman ta tsara dabarar Spanning Tree a 1985, sai dai ƙananan suwic masu araha da yawa ba su da ita.

Wani nauyin daga waje yake zuwa. Rautar da aka bar ƙofar shiga saitinta a buɗe ga duniya, ko take amsa tambayar DNS, wato ta neman adireshin shafukan intanet, daga kowa, dare da rana baƙi na ƙwanƙwasa ta. A 2018 an kutsa cikin dubban na'urorin MikroTik a ƙasashe daban-daban ta wata kafa a manhajar Winbox da ake saita su da ita, aka yi amfani da su wajen haƙo kuɗin kirifto, duk da cewa kamfanin ya fitar da gyara tun watan Afrilun shekarar. Waɗanda ba su sabunta manhaja ba su abin ya ci.

Cututtukan biyu na iya haɗuwa ta wata fuska. Kebul mai katsewa yana dawowa yana tilasta wa rauta sake lissafin hanyoyi duk lokacin da layi ya faɗi ya tashi, CPU ya hau. Amma cikar CPU ba ta haifar da CRC, don haka sabuwar rauta ba za ta warkar da ruɓaɓɓen kebul ba.

Abin da ke damuna da kashewa a kunna shi ne yana share duk waɗannan lambobin. Netwok zai ɗan sarara, matsalar ta dawo, injiniya ya zo ya tarar da shafi fari. Ɗauke wuta da komawa kan janareto ma haka suke yi, shi ya sa ƙaramin UPS, wato batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke, a bayan rauta yake da amfani ko don wannan kaɗai. In dole sai an kashe, a fara ɗaukar hoton shafin ƙofofi da na CPU da waya.

Wani lokaci kuma za a duba a tarar ƙofofi tsaf, CPU a ƙasa, amma sabis ba ya motsi. Haka aka gani ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da kebulan ƙarƙashin teku na WACS da MainOne da SAT-3 da ACE suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi a Legas suka shiga wahala. A irin wannan hali matsalar ta wuce bangon shagonka, kamfanin da ke ba ka sabis za ka kira, ka tura masa hotunan da suka nuna ɓangarenka lafiya yake, tare da lokacin da abin ya fara.