Labaran Neman Ɓoyayyar Dukiya Masu Barkwanci a Adabin Yara

Labarin neman ɓoyayyar dukiya mai barkwanci reshe ne na ƙagaggun labaran kasada da ake rubuta wa yara 'yan shekara 8 zuwa 12, wato rukunin da kamfanonin ɗab'i na Amurka da Birtaniya suka ware tsakanin littattafan hotuna na ƙanana da littattafan matasa. A irin wannan labari yara ne ke riƙe da ragama. Sukan tsinci taswira, ko wasiyya, ko wani rubutu mai ɗaure kai, su bi sawu, su yi ta shirme a hanya, daga ƙarshe su iske dukiyar ko su iske wani abin da ba shi suka fita nema ba. Akasarin sanannun littattafan da Turanci aka rubuta su. Abin dariyar kuwa yakan fito ne daga tazarar da ke tsakanin abin da yaran suka karanta a littafi da abin da sheburinsu ya tono.

Asali

Masana tarihi suna ganin 'yan fashin teku ba su cika binne abin da suka kwaso ba, kashe shi suke yi. Wanda aka tabbatar ya binne wani abu shi ne Kyaftin William Kidd, wanda ya ɓoye kaya a tsibirin Gardiners kusa da New York a 1699. Hukuma ta tono su ba da daɗewa ba, aka tura Ingila a matsayin shaida, shi kuma aka rataye shi a Landan a 1701. Jita-jitar cewa akwai sauran dukiyarsa a ƙasa ita ce ta ciyar da marubuta kusan ƙarni biyu.

A 1843 Edgar Allan Poe ya fitar da gajeren labarinsa The Gold-Bug, wanda ya ci masa gasar wata jarida ta Philadelphia mai ladan dala 100. A nan ne ɓoyayyen rubutu ya shiga harkar: jarumin ya warware saƙon Kidd ta hanyar ƙirga alamar da ta fi yawan maimaituwa, ya daidaita ta da harafin da ya fi yawa a Turanci. Ba don yara aka rubuta shi ba, amma dabarar ta zama gado.

Raha ta shigo sosai da Mark Twain. A The Adventures of Tom Sawyer na 1876, Tom ya zauna yana karantar da abokinsa Huck ƙa'idojin binne dukiya kamar wani shehin malami: ɓarayi ne ke binnewa, a gindin mataccen itace, daidai inda inuwar reshe ke sauka da tsakar dare, ko a gidan da fatalwa ke zama. Huck, wanda bai san boko ba, ya ce in da tasa ce ba zai binne ba, ci zai yi ya more. Sun haƙa ramuka sun tashi a tutar babu, sai daga baya, ta hanyar da ba ta cikin ƙa'idojin Tom, suka samu zinariyar da ta ɗan haura dala 12,000 a cikin kogo.

Treasure Island na Robert Louis Stevenson shi ya kafa kayan aikin da kowa ke ara har yau: tsibiri, taswira mai alamar gicciye, ɗan fashi mai ƙafa ɗaya da aku a kafaɗa. An fara buga shi kashi-kashi a mujallar yara ta Young Folks daga 1881 zuwa 1882 da sunan aro, ya fito a littafi a 1883. Labarin ya samo tushe daga wata taswira da aka zana a Braemar ta ƙasar Sikotilan lokacin hutu. Stevenson ya ce shi ya zana ta, agolansa Lloyd Osbourne ya ce shi ne. Littafin ba na barkwanci ba ne, akwai jini a cikinsa, amma yana da Ben Gunn, wanda ya shekara uku shi kaɗai a tsibirin yana mafarkin cuku, ya riga kowa kwashe dukiyar, sannan da aka ba shi fam dubu ya cinye su cikin kwana 19.

Edith Nesbit da 'ya'yan gidan Bastable

Masu nazari da yawa suna ɗaukar The Story of the Treasure Seekers na Edith Nesbit (1858–1924) a matsayin inda wannan reshe ya tsaya da ƙafarsa. Ya fito a littafi a 1899, bayan wasu babobinsa sun bayyana a mujallu. Nesbit ta ɗauke neman dukiya daga tsibirin teku ta dawo da shi bayan gida a unguwar Lewisham ta kudancin Landan.

Yaran gidan Bastable su shida ne: Dora, Oswald, Dicky, tagwaye Alice da Noel, da autansu da ake kira H. O. Mahaifiyarsu ta rasu, abokin kasuwancin mahaifinsu ya gudu da kuɗi, an cire su daga makaranta, cokulan azurfa sun bar gidan ba su dawo ba. Yaran suka yi taro suka yanke shawarar maido da arzikin gidansu, kowa ya kawo dabarar da ya karanta a littafi, aka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Da haƙa suka fara. Ramin ya rufta da Albert, yaron maƙwabta, sai da kawunsa ya tsallako ya tono shi. Wannan kawu marubuci ne mai fahimtar yara, kuma a cikin tonon ne aka ga tsabar sule biyu da sisi har guda biyu a ƙasa. Mai karatu ya gane daga aljihun wa suka faɗo, yaran kuwa sun tsaya a kan cewa dukiya ce binnanniya. Daga nan suka gwada aikin 'yan sandan ciki, suka kai waƙoƙin Noel gidan jarida aka saya, suka yi fashin wasa suka kama Albert don a fanshe shi, suka buga jaridarsu, suka je wurin mai ba da bashi da ruwa suna zaton mai taimakon bayin Allah ne, suka haɗa maganin mura. Har karensu suka cuna wa wani dattijo mai sarauta don su cece shi ya saka musu, dattijon ya gano su.

Arziki ya zo ta inda ba su haƙa ba. Wani dattijo ɗan'uwan mahaifiyarsu ya dawo daga Indiya, suka yi masa kallon matalauci, suka gayyace shi cin abinci da 'yan kuɗinsu, har suka miƙa masa abin da ya rage. Ashe attajiri ne.

Abin da ya fi jawo wa littafin suna shi ne mai ba da labarin. Ya ce shi ɗaya ne daga cikin shidan amma ba zai faɗi ko wane ne ba, sai mai karatu ya canka. Sai dai ba ya wuce shafi bai yabi Oswald da jarumtaka da kyan hali ba, kuma yakan manta ya ce "ni" a inda ya kamata ya ce "shi". Yaro ɗan shekara tara yakan gano shi tun babin farko, ya ji ya fi mai labarin wayo, kuma wannan jin daɗi ne marubutan baya suka yi ta kwaikwayo. Nesbit ta ƙara littattafai biyu a kan gidan, a 1901 da 1904. C. S. Lewis ya ambaci 'yan Bastable a farkon The Magician's Nephew na 1955.

Ƙarni na 20

Enid Blyton ta buɗe jerin littattafanta 21 na yara huɗu da karensu Timmy da Five on a Treasure Island a 1942, inda aka samu sandunan zinariya a ƙarƙashin kangon wata fada a tsibirin Kirrin. Raharta kaɗan ce, amma ta sayu ƙwarai. A Beljiyam, Hergé ya tura Tintin da Kyaftin Haddock har tekun Karebiyan a littattafan zane biyu na 1943 da 1944, suka dawo hannu rabbana, sannan suka iske dukiyar a ɗakin ƙasa na gidan kakannin Haddock.

A Amurka neman ya rikiɗe ya zama wasa ƙwaƙwalwa. The Westing Game na Ellen Raskin, 1978, ya tara magada 16 aka raba su bibbiyu, aka ba kowane biyu 'yan kalmomi, wanda ya warware ya gaji dala miliyan 200. Ya ci lambar Newbery, wato lambar yabo ta adabin yara a Amurka, a 1979. A shekarar ce kuma mai zane Kit Williams ya fitar da Masquerade a Birtaniya, ya binne zomon zinariya na gaske a Ampthill, ya ɓoye bayanin wurin cikin hotunan littafin. An tono shi a 1982. A 1988 wata jarida ta bayyana cewa wanda ya karɓi kyautar bai warware kacici-kacicin ba, labari ya samu ta bayan fage.

Holes na Louis Sachar, 1998, shi ne ya juya al'amarin gaba ɗaya. An tura Stanley Yelnats, wanda sunansa na biyu na farkon ne aka karanta ta baya, gidan horon yara a busasshen tafki a Teksas kan satar takalman da bai yi ba. Kowane yaro sai ya haƙa rami mai zurfin ƙafa 5 da faɗin ƙafa 5 kullum, wai don gyaran hali, alhali shugabar gidan dukiyar wata 'yar fashi ta ƙarni na 19 take nema da gumin yara. Littafin ya ci lambar Newbery a 1999, aka mayar da shi fim a 2003.

Halin da ake ciki

Yanzu jeri-jeri ake fitar da su. Kamfanin Scholastic ya fara The 39 Clues a 2008, marubuta daban-daban suna karɓa-karɓa, tare da katuna da wasan intanet. James Patterson da Chris Grabenstein sun fara Treasure Hunters a 2013.

Makamancinsa a Hausa

Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito wajen 1934 bayan gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya, tafiyar nema ce mai cike da barkwanci, musamman ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe. Sai dai abin nemansa ruwan magani ne, kuma jarumansa manya ne.

Suka

An soki tsofaffin littattafan kan yadda suka zana baƙar fata da 'yan asalin Amurka, kamar Jupiter a labarin Poe da Injun Joe a na Twain, da kuma mai ba da bashin da ke littafin Nesbit. An sauya wasu kalmomi a sababbin bugun Blyton. Wasu sun goyi baya, wasu sun ce taɓa rubutun marubuci ne bayan ransa.