Mariri Ya Dawo Chadi: Kira ga Makiyaya, Maharba da 'Yan Kasuwa

Jama'a, sallama. Dattawan da suka yi kiwo a arewacin Nijar da Chadi sun san mariri, farar dabbar nan mai jan wuya da dogayen ƙahoni masu lanƙwasa baya kamar takobi. Da fatarsa Buzaye ke yin garkuwa a da. Yaran yanzu kuwa sai dai su ji a labari, domin farauta da mota da bindiga mai sarrafa kanta, ga fari, ga yaƙin Chadi, sun share shi daga daji tun wajen ƙarshen shekarun 1980. A shekarar 2000 ƙungiyar IUCN, mai lissafin halittun da ke neman ɓacewa, ta bayyana cewa babu sauran mariri a daji ko'ina a duniya.

To ina aka samo na yanzu? A gidajen namun daji. A shekarun 1960 an kama wasu a Chadi aka kai Turai da Amurka, suka yi ta hayayyafa a can. Amma ajiya kaɗai ba ta isa ba, kuma makiyayi zai fi kowa gane dalili. Wanda ya bar bijimi ɗaya yana hawan 'ya'yansa da jikokinsa ya san yadda garke ke lalacewa: maruƙa su fito raunana, haihuwa ta ragu. Shi ya sa gidajen nan suka haɗa kai, suka buɗe littafin asali guda, wanda gidan Marwell na Ingila ke riƙewa. A cikinsa ake rubuta uwa da uban kowane mariri, in an san su. Sai a duba littafin, a ɗauki namiji daga wannan ƙasa a kai wa matan wata ƙasar, kamar dai yadda ake aron bijimi daga wata ruga.

Daga baya hukumar kula da muhalli ta Abu Dhabi ta tattara iri daga Amurka da Turai ta haɗa da nata, sannan ta haɗa gwiwa da gwamnatin Chadi da ƙungiyar Sahara Conservation. A watan Maris na 2016 jirgin sama ya sauke guda 25 na farko. Aka tsare su a shinge har suka saba da rana da ciyawar wurin, sai aka sake su da damina a gandun Wadi Rime da Wadi Ashim, wanda faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 78,000. Tun daga nan an haifi ɗaruruwa a daji, kuma a Disamba 2023 IUCN ta cire mariri daga jerin waɗanda suka ƙare a daji. Har yanzu dai yana cikin haɗari.

Gandun nan ba shi da katanga. Raƙuma da shanu da tumaki na kiwo a cikinsa, don haka maganar ta dawo kanmu. Na farko, rigakafi. Cututtukan da ke kama bisashe suna iya tsallakawa ga namun daji, kuma dabbar da kakanninta suka girma a Turai ba ta saba da cututtukanmu ba. In masu allura sun zo, a fito da garke duka, kada a ɓoye rabi don tsoron jangali. Sai wuta: da kaka ciyawa ta bushe, garwashin shayi ɗaya da aka bari zai iya cinye abincin mariri da na shanunka tare. A binne shi da yashi kafin a tashi.

Wasu daga cikin maririn za ku gan su da abin wuya. Na'ura ce da ke sanar da masu bincike inda dabbar take ta tauraron ɗan'adam, babu wani abin sayarwa a cikinta. In ka tsinci ɗaya, ko ka ga mushe, ka sanar da ma'aikatan gandun daji. Ɗan maraƙin da ka tarar kwance shi kaɗai cikin ciyawa ba maraya ba ne, uwar ce ta ɓoye shi, tana nan kusa.

Ku kuma 'yan uwa fatake da ke safara tsakanin Abeche, Njamena da kasuwanninmu, in an kawo muku ƙaho ko fata ko ɗan mariri a raye, kada ku saya, kada ku yi dillanci. Doka ta hana, kuma maharbi ba ya fita sai ya san akwai mai saye.